Ƙofar Karatun Kwamfuta Tana Buɗewa Tun Daga Aji Uku

Jawabin da kwamitin ilimi ya gabatar ga taron iyaye da dattawa na yankin Jega, Aliero da Maiyama, a Jandutsi

Mun gode wa waɗanda suka bar gona da kasuwa suka taho daga Jega, da Aliero, da Maiyama, da ƙauyukan da ke kewaye. Ba za mu riƙe ku da tsawo ba, amma muna roƙo ku kasa kunne, gama maganar ta shafi kuɗin da kuke sha wa wahala da shekarun 'ya'yanku.

A yau idan aka tambayi yaranmu abin da suke so su karanta, da yawa za su ce kwamfuta. Iyaye kuma sukan yi murna, domin suna ganin yaron ya iya waya, shi ke tura musu kuɗi, shi ke gyara musu WhatsApp idan ya rikice. Sai a bar maganar nan har yaro ya gama sakandare. Ranar da ya je cike fom na JAMB, ranar ce ake gaya masa cewa darussan da ya yi shekara uku yana karantawa ba su kai shi inda yake so. Saƙonmu guda ɗaya ne, kuma shi za mu yi ta bayyanawa: ana yanke hukuncin karatun kwamfuta ne lokacin da yaro ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, yana ɗan shekara 14 ko 15, kuma mabuɗin ƙofar shi ne Lissafi da Fiziks. Ya kamata uba da uwa su kasance a wurin ranar da ake wannan zaɓe.

1. Wane aikin kwamfuta muke nufi?

Kalmar kwamfuta ta haɗa ayyuka dabam dabam, kuma kowane da hanyarsa. Akwai mai buga takardu da cike wa mutane fom a shago. Akwai mai gyaran waya da kwamfuta. Akwai mai haɗa layukan intanet a ofisoshi da bankuna. Akwai mai rubuta manhaja, wato jerin umarnin da ke sa na'ura ta yi aiki, kamar manhajar da banki ke aika kuɗi da ita. Akwai mai tsaron bayanai daga ɓarayin intanet. Akwai kuma mai nazarin alƙaluma, wanda asibiti ko ma'aikatar gona za ta ba tarin lambobi ya fitar mata da ma'ana.

Dukansu aikin halal ne, ba mu raina ko ɗaya ba. Amma na farko ana koyonsa cikin wata uku zuwa shida a wurin koyar da kwamfuta na cikin gari, kuma takardar da ake bayarwa a can ba ta shigar da yaro jami'a. Na biyu ana iya koyonsa a wurin maigida ko a makarantar koyon sana'a. Sauran kuwa, hanyar da aka fi sani zuwa gare su ita ce jami'a ko foliteknik. A watan Disamba 2022, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta fitar da sabon tsarin karatu wanda ya ware kwamfuta ta zama fanni mai zaman kanta, da digiri dabam dabam a ƙarƙashinta: kimiyyar kwamfuta, injiniyancin manhaja, tsaron intanet, kimiyyar alƙaluma, fasahar sadarwa, da sauransu. Sunayen sun yi yawa, amma ƙofar shigarsu kusan ɗaya ce.

Kuma makarantun ba su yi mana nisa ba. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha tana Aliero tun 2006, a kan hanyar da muke bi kullum daga Jega zuwa Sakkwato. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi an kafa ta a 2013. Akwai Foliteknik ta Tarayya ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da foliteknik ta jiha a Dakingari, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Iyayenmu da suka yi karatu kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 ba su ga irin wannan dama ba. Abin baƙin ciki ne yaro ya girma yana ganin ƙofar jami'a daga cikin mota, ya kasa shiga saboda zaɓen da aka yi masa cikin minti biyar.

2. Abin da makarantun ke nema

Bari mu faɗi ƙa'idar a fili domin wanda bai yi boko ba ma ya riƙe ta. Mataki biyu ne.

Mataki na farko shi ne jarrabawar gama sakandare, ta WAEC ko ta NECO. Ana neman kiredit biyar, kuma a cikinsu dole a sami Turanci, da Lissafi, da Fiziks, sannan wasu darussa biyu na kimiyya. Kiredit yana nufin daga A1 zuwa C6. Idan kuka ga D7 ko E8 a takardar yaro, ya tsallake faɗuwa amma bai sami kiredit ba. F9 kuwa faɗuwa ce. Yawancin makarantu suna yarda a haɗa sakamakon zama biyu, ba fiye da haka ba.

Mataki na biyu shi ne jarrabawar JAMB. Darussa huɗu kawai ake rubutawa. Turanci dole ne ga kowa. Ga mai neman kimiyyar kwamfuta, na biyu Lissafi, na uku Fiziks, na huɗu kuma ana zaɓa daga Kemistiri, ko Bayoloji, ko Aikin Gona, ko Tattalin Arziki, ko Labarin Ƙasa, gwargwadon abin da jami'ar ta yarda da shi. Ga mai neman injiniyancin kwamfuta kuwa, na huɗun Kemistiri ne. Saboda haka shawararmu ita ce yaro ya riƙe Kemistiri, gama shi ne wanda ba a cika ƙi ba. A 2022 JAMB ta ƙara darasin kwamfuta cikin darussan jarrabawarta, amma kada yaro ya sa shi a matsayin na huɗu sai ya duba littafin jagora na JAMB na wannan shekarar ya ga jami'ar da yake so tana karɓarsa. Matambayi ba ya ɓata.

Kun ga ke nan, duk yaron da aka sa ajin adabi ko ajin kasuwanci a farkon babbar sakandare, ya rabu da Fiziks da Kemistiri, ya kuma rabu da babbar hanyar digirin kwamfuta, ko da kuwa shi ne ya fi kowa iya waya a unguwa.

Akwai canje-canje biyu na 2025 da ya kamata ku sani, domin kada a ruɗe ku. Na farko, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sabon tsarin darussa wanda ya rage yawansu a babbar sakandare zuwa takwas ko tara. Ya sa darasin fasahar kwamfuta cikin waɗanda kowa zai yi, tare da sana'a guda ɗaya da yaro zai zaɓa daga cikin shida, kuma cikin shidan akwai gyaran kwamfuta da waya, akwai kuma haɗa sola. Wannan abin murna ne. Amma darasin fasahar kwamfuta bai maye gurbin Fiziks ba. Na biyu, a watan Oktoba na shekarar ma'aikatar ta ce masu neman karatun fannin adabi ba dole ne su kawo kiredit a Lissafi ba kafin a ɗauke su. Wasu yara sun ji rabin labarin sun ce an soke Lissafi. Ba a soke ba. Ga mai neman kimiyya da fasaha, Lissafi yana nan daram.

3. Me ya haɗa Lissafi da kwamfuta?

Iyaye sukan tambaye mu: tun da na'urar ce ke yin lissafin, me ya sa ake wahalar da yaro? Amsar ita ce na'urar ba ta san kome ba sai abin da mutum ya tsara mata. Bari mu ɗauki misali daga abin da kowa a nan ya sani.

A ce manomi a Aliero ya ajiye buhun albasa 100, kuma a ce kowane wata kashi ɗaya cikin goma na abin da ya rage yana ruɓewa. Bayan wata ɗaya saura buhu 90. Bayan wata biyu saura 81, ba 80 ba, domin ana cire kashi ɗaya cikin goma na 90 ne, ba na 100 ba. Bayan wata uku saura wajen 73. A lokacin nan kuma farashi yana hawa. Tambayar manomi ita ce, a wane wata ya fi riba ya sayar? Yaron da ya iya zama ya fitar da ƙa'idar wannan lissafi, ya jera ta mataki mataki yadda za a maimaita ta ga kowane adadin buhu da kowane farashi, ya riga ya yi rabin aikin mai rubuta manhaja. Abin da ya rage shi ne ya rubuta matakan da harshen da na'ura ke ganewa. Wanda bai iya fitar da ƙa'idar ba, ko an ba shi kwamfuta mafi tsada ba abin da zai gaya mata.

Irin wannan jerin matakai shi ake kira algoridim, kuma sunan ya samo asali ne daga Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Daga sunan littafinsa kuma aka sami kalmar aljabara. A cikin kwamfuta, kowane abu, ko hoto ne ko murya, ana ajiye shi da lambobi biyu kawai, 0 da 1. Lamba 13 a wurinta 1101 ce, wato takwas da huɗu da ɗaya. Yaranmu suna koyon wannan a ajin Lissafi tun ƙaramar sakandare, yawancinsu ba su san cewa harshen na'urar suke koyo ba. Ƙa'idojin gaskiya da ƙarya da na'urar ke yanke hukunci da su kuwa, wani Bature ɗan Ingila mai suna George Boole ya tsara su a 1854. Ubansa mai ɗinkin takalma ne, kuma yawancin lissafinsa shi ya koya wa kansa daga littattafai. Ya mutu bai taɓa ganin kwamfuta ba.

Saboda haka idan makaranta tana koyar da Ƙarin Lissafi, wanda yara ke kira Foda Mas, yaro ya ɗauka. Ba a cika sa shi cikin sharuɗɗan shiga ba, amma a shekarar farko ta jami'a ana yin lissafi mai zurfi, kuma wanda ya taɓa Ƙarin Lissafi ba ya firgita.

Fiziks kuma shi ke bayyana wutar lantarki, da batir, da igiyar da ke ɗauke da magana daga waya zuwa ƙarfen sabis. Kwamfuta na'urar lantarki ce kafin ta zama wani abu. Turanci ma kada a yi wasa da shi. Cikin tambayoyi 180 na JAMB, 60 na Turanci ne, sauran darussa uku kuma 40 kowanne. Harsunan rubuta manhaja da littattafansu kusan duka da Turanci suke. Yaron da ba ya iya karanta shafi guda ya fahimta, Lissafinsa ma zai sha wuya, domin tambayar da Turanci take zuwa.

Wasu za su ce yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, wadda ta fito a ƙarshen 2022, kuma suna rubuta manhaja da kansu. Gaskiya ne suna yi, kuma suna kuskure. Ƙananan ayyukan da ake yi da haddar umarni su ne suka fi sauƙi ga irin waɗannan na'urori. Wanda zai ci gaba da amfani shi ne mai iya duba abin da na'ura ta rubuta ya gane inda ta kauce. Wannan ya ƙara wa Lissafi daraja ne, bai rage ba.

4. Abin da uba da uwa za su yi a aji uku

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga abubuwa biyar.

Na ɗaya, ku karɓi takardar sakamakon yaro kowane zango, ku duba makinsa na Lissafi, da Kimiyya, da Turanci. In ba ku iya karatu ba, ku kawo wa wani malami cikin ikilisiya ya karanta muku. Ba abin kunya ba ne.

Na biyu, bayan jarrabawar aji uku, ku je makaranta da ƙafarku ku gana da shugaban makaranta ko malamin da ke raba yara aji aji. Sau da yawa yaro yakan bi abokinsa ne kawai, ko ya gudu daga ajin kimiyya domin an ce masa malamin Fiziks yana da zafi. Wani lokaci kuma ajin kimiyya ne ya cika, aka tura sauran inda akwai benci. Idan uba ya zo cikin ladabi ya yi tambaya, malamai sukan saurara.

Na uku, ku tambaya ko makarantar tana da malamin Fiziks, da na Kemistiri, da na Lissafi na babban aji, ko kuma tana da ɗakin gwaje-gwaje mai kaya a ciki. A WAEC da NECO, Fiziks da Kemistiri da Bayoloji kowanne yana da jarrabawar gwaji da hannu. Yaron da bai taɓa riƙe kayan awo ba sai ranar jarrabawa, hannunsa zai yi rawa.

Na huɗu, idan makarantar kusa ba ta da waɗannan, ku yi shawarar sauya wa yaro makaranta tun farkon babbar sakandare, kada a bari sai aji na ƙarshe. Mun san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tun bayan sace ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni 2021, da abin da ya faru a makarantar 'yan mata ta Maga a watan Nuwamba 2025, kowane uba yana tunani sau biyu kafin ya kai ɗansa makarantar kwana. Ba za mu ce wa kowa ya yi abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba. Amma akwai hanya ta tsakiya: yaro ya zauna gidan ɗan'uwa amintacce a Jega ko Aliero ko Birnin Kebbi, yana jeka-ka-dawo. A nan ne zumuncinmu zai nuna amfaninsa.

Na biyar, ku gyara maganar suna tun da wuri. Yaranmu da yawa suna da sunan gida, da sunan baftisma, da sunan uba, da na kaka, kuma kowace takarda da irin jerin da aka rubuta. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Sunan da ke kan NIN, da na WAEC ko NECO, da na JAMB, da ranar haihuwa, dole su zo daidai. Harafi ɗaya yana iya jawo wa yaro zirga-zirga da kashe kuɗi. Ku kuma lura cewa a 2025 gwamnati ta tsayar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, saboda haka tsallakar da yaro aji domin ya gama da wuri ba ta da riba.

Wajibi ne kuma mu faɗi wannan: ba kowane yaro ne zai yi kimiyya ba, kuma ba laifi ba ne. Muna bukatar lauyoyi, da malamai, da akantoci, da manoma masu ilimi. Idan an gwada, an taimaka, aka ga baiwar yaro tana wani wuri, kada a tilasta masa. Abin da muke ƙi shi ne a rufe ƙofa ba a sani ba.

5. 'Ya'yanmu mata

Iyayenmu mata, wannan taku ce musamman. A gidaje da yawa, da yamma namiji yana karatu, mace tana ɗiban ruwa da wanke-wanke, sai daga baya a ce Lissafi ba na mata ba ne. Lissafi yana son a zauna da shi kowace rana, ko da rabin awa ne. Ku raba aikin gida daidai, ku ba yarinya lokacinta. Tarihi ma yana gefenta. Ada Lovelace ta Ingila ta wallafa a 1843 abin da mutane da yawa ke ɗauka shi ne shirin kwamfuta na farko. Grace Hopper ta Amurka, wadda ta yi digirin dakta a Lissafi a 1934, tana cikin waɗanda suka buɗe hanyar rubuta wa kwamfuta umarni da kalmomi irin na mutane. Aikin manhaja kuma aiki ne da mace za ta iya ci gaba da shi bayan aure, a inda take, muddin akwai wuta da intanet.

6. Wanda ya riga ya wuce mararrabar

Muna ganin wasu matasa a nan sun sunkuyar da kai. Ku ɗaga, hanya ba ta ƙare ba.

Wanda ya yi ajin kimiyya amma ya rasa kiredit a Lissafi ko Fiziks, ya sake zama. WAEC da NECO duka suna da jarrabawa ta masu zaman kansu, kuma ana haɗa zama biyu. Wanda makinsa na JAMB bai kai na jami'a ba, kada ya raina foliteknik. Difloma ta ƙasa shekara biyu ce, bayanta ana iya ci gaba zuwa babbar difloma, ko kuma a shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu idan sakamako ya yi kyau. Haka ma mai takardar NCE. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato wanda ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, a foliteknik ta Birnin Kebbi ya yi karatun zanen gine-gine kafin ya tafi waje. Fanninsa ba kwamfuta ba ne, amma ya nuna inda wannan hanya take iya kaiwa.

Wanda ya yi ajin adabi ko kasuwanci kuma har yanzu zuciyarsa tana kan kwamfuta, zaɓi biyu ne gare shi. Ko ya koma ya koyi Fiziks da Kemistiri daga tushe, abin da zai ci shekara ɗaya ko biyu na aiki tuƙuru, ko ya ci gaba da fanninsa ya koyi sana'ar kwamfuta a gefe, kamar zanen shafukan intanet ko sarrafa alƙaluman kasuwanci. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 domin horar da matasa sana'o'in fasaha misali ne na irin horon da ba ya tambayar ajin da mutum ya yi a sakandare.

Abu ɗaya muke gargaɗi a kai da babbar murya. Kada kowa ya kai ɗansa wuraren da ake biyan kuɗi a rubuta wa yara amsa. Kiredit na saye ba ya zama a ajin jami'a. Yaro zai shiga da A1 a takarda, a kore shi bayan shekara ɗaya, kuɗin albasa da na shinkafa sun tafi, sunan gida ya ɓaci.

7. Abin da ikilisiya za ta iya yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A sakamakon da JAMB ta fara fitarwa a 2025, cikin ɗalibai kimanin miliyan 1.9, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Yaron da ya shirya da kyau zai yi fice. Mu 'yan kaɗan ne a wannan yanki, amma ƙarancinmu yana da amfani ɗaya: mun san kowane yaro da sunansa. Muna kawo wa dattawa shawarwari huɗu.

Na farko, kowace ikilisiya ta rubuta sunayen yaran da ke aji biyu da aji uku na ƙaramar sakandare, a naɗa dattijo ɗaya da uwa ɗaya su bi maganar zaɓen ajinsu tare da iyaye.

Na biyu, a buɗe darasin Lissafi da Fiziks na yamma sau biyu a mako. Muna da benci, muna da allo. A cikinmu akwai malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da masu yi wa ƙasa hidima, da ɗaliban jami'ar Aliero. A roƙe su, a kuma ba su kuɗin mota. Idan yaran maƙwabtanmu suna so su zo, a karɓe su da hannu biyu, gama Lissafi na kowa ne.

Na uku, a sayi littattafan kimiyya da na tsofaffin tambayoyin jarrabawa a ajiye a akwati guda, yara suna aro suna mayarwa. In hali ya yi, a nemi kwamfuta ɗaya ko biyu, ko da na hannu ne, da ƙaramar sola. Tun 2015 JAMB gaba ɗaya a kan kwamfuta ake rubuta ta, WAEC ma ta fara hakan a 2024 da masu zaman kansu. Awa biyu ake bayarwa domin tambayoyi 180. Yaron da ya fara taɓa kwamfuta a ɗakin jarrabawa zai ɓata lokacinsa yana neman inda zai danna.

Na huɗu, a taimaki iyaye da maganar takardu da kuɗi. Bisa ƙa'idar da aka daɗe ana bi a jami'o'in tarayya, kashi 45 na gurabe na cancanta ne, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, kuma Kebbi tana cikinsu. Saboda haka 'ya'yan jihar nan, ko daga Zuru suke ko Yauri ko Jega, su nemi takardar shaidar ƙaramar hukumarsu tun da wuri. 'Yan'uwanmu da asalinsu ke wasu jihohi su ma su nemi tasu daga gida, su kuma sa ƙarfi a kan maki. Ga masu tsoron kuɗin makaranta, a 2024 an buɗe asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, marar kuɗin ruwa, domin waɗanda ke manyan makarantun gwamnati. Bashi ne, za a biya, saboda haka a karanta sharuɗɗan kafin a sa hannu.

Dattawa da iyaye, abin da muke roƙo ba ya bukatar digiri. A wannan makon kowa ya tambayi yaron da ke gidansa aji nawa yake, kuma wane darasi ke ba shi wuya. Wanda ɗansa ke aji uku ya sa ranar zuwa makaranta. Ku kuma matasa, ku rage awa ɗaya daga waya ku ba littafin Lissafi. Malaman da ke cikin kwamiti za su tsaya bayan an tashi, duk mai takardar sakamako a aljihu ya kawo a duba tare.

Allah ya albarkaci 'ya'yanmu, ya sa albarka a aikin hannuwanku, ya kai kowa gida lafiya. Amin.